Me Ya Sa Wuƙar da Aka Wasa Jiya Take Dakushewa Yau?

Duk wanda ya taɓa bi ta kasuwa kwana biyu ko uku kafin Babbar Sallah ya san ƙarar nan ta injin wasa wuƙa, ya kuma ga layin magidanta da yara 'yan aike, kowa riƙe da wuƙaƙe da adda da ɗan gatari a naɗe cikin buhu ko tsohuwar jarida. Mai injin yakan karɓi wuƙa, ya manna bakinta a jikin dutsen da ke juyawa, tartsatsi ya tashi, kafin minti ɗaya ya cika ya miƙo ta tana walƙiya, ya gwada ta a gashin hannunsa, ya karɓi kuɗinsa. Ranar Sallah a yanka rago lafiya, amma kafin a gama fiɗa sai wuƙar da jiya take aske gashi ta koma ana goga ta a fata kamar zarto, daga nan a fara ɗora laifi a kan maƙerin da ya ƙera ta ko ɗan kasuwar da ya sayar. Mafi yawan lokaci babu laifin ko ɗaya daga cikinsu, domin ɓarnar ta auku ne a cikin wancan minti ɗaya na gaban inji.

Kafin a shiga maganar kayan washi, ya kamata a fahimci abin da ake ƙoƙarin samarwa. Ruwan wuƙa yana da fuska biyu, kuma kaifi shi ne layin da fuskokin nan suka haɗu. Idan haɗuwar ta yi kyau, faɗin wannan layi bai kai maikiron ɗaya ba, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, alhali kaurin silin gashin kan mutum yakan kai maikiron 50 zuwa 100. Abin da ya sa wuƙa ke yanka shi ne duk ƙarfin hannun mai yanka yana taruwa a kan wannan ɗan siririn wuri, har ya rinjayi fata ko jijiya ta rabe. Da zarar layin ya yi faɗi, ko da ido bai gani ba, sai ƙarfin ya bazu, mai yanka ya fara dannawa, kuma wuƙar da ake dannawa ita ce take zamewa daga bayan albasa ta sauka a yatsa. Mai son ya gane halin wuƙarsa sai ya ɗaga ta a rana, bakinta yana kallon sama, ya ƙura masa ido. Kaifi na ƙwarai ba ya ƙyalli, saboda babu filin da haske zai sauka ya dawo. Duk inda aka ga ɗan farin zare yana walƙiya, nan ne ya dakushe.

Dakushewa kuwa iri-iri ce, kuma rashin bambance ire-irenta shi ne tushen yawancin ɓarnar da ake yi wa wuƙaƙe. Wani lokaci kaifin yana nan bai cinye ba, lanƙwashewa kawai ya yi ya kwanta gefe ɗaya kamar bakin gwangwani, abin da ya fi samun wuƙa mai ɗan taushin ƙarfe idan ta ci karo da ƙashi ko faranti. Wani lokaci kuma cinyewa yake yi sannu a hankali, ƙura da yashin da ke jikin fatar dabba ko ɓawon doya su yi ta gogarsa har ya mulmule. Ƙarfe mai tsananin tauri shi kuma ba ya lanƙwasa, ɓantarewa yake yi ya bar giɓi. Tsatsa ma tana da nata rabon, domin ruwan lemun tsami da tumatir da gishiri da jini, idan aka bar su suka kwana a jikin baƙin ƙarfe, wurin da ya fi siranta suke fara ci.

Dubi mahauci a bakin teburinsa ko mai tsire a gaban tukubarsa. Kowane ɗan lokaci zai ɗauki wuƙa biyu ya goga su da juna sau huɗu ko biyar, ko ya ja wuƙar a jikin sandar ƙarfe, sannan ya ci gaba da aiki, kuma lallai wuƙar takan farfaɗo. Mutane suna kiran wannan wasa wuƙa, amma galibin abin da ya yi shi ne ya tayar da kaifin da ya kwanta ya miƙar da shi, ƙarfen da ya cire kuwa kaɗan ne ƙwarai. Dabara ce mai kyau wadda ke tsawaita rayuwar wuƙa, sai dai tana da iyaka, domin ƙarfen da ake lanƙwasawa ana miƙarwa yana gajiya kamar wayar da yaro ke murɗawa gaba da baya har ta tsinke. Idan aka kai wannan matsayi, ko an wuni ana gogawa babu abin da zai ƙaru, dole sai an ci ƙarfen da ya gaji an fito da sabo, kuma wannan aikin dutse ne. Akwai kuma aiki na uku da ba a cika tunawa da shi ba. Ruwan wuƙa yana ƙara kauri ne daga baki zuwa baya, saboda haka duk shekarar da aka yi ana wasa ta bakin yana ja da baya zuwa inda ƙarfen ya fi kauri, har a wayi gari tana da kaifi amma tana cijewa a cikin doya ko kabewa. Maganin wannan shi ne a kwantar da ita sosai a kan dutse mai kaushi a rage kaurin kafaɗunta.

Daga nan sai maganar kusurwa, wato yadda ake karkata wuƙa a kan dutse. Gwargwadon ƙanƙantar kusurwa gwargwadon sauƙin shigar wuƙa cikin abin da ake yanka, amma kuma gwargwadon raunin bakinta, domin ƙarfen da ke tallafe da kaifin ya ragu. Wuƙaƙen girki irin na Turai, kamar waɗanda ake ƙerawa a Solingen ta Jamus, an saba wasa su a kan digiri 20 ko kusa da haka a kowane gefe, na Japan kuwa, irin na garuruwan Seki da Sakai, a kan digiri 15 ko ƙasa da haka. Askar aski ta fi su duka siranta, gefenta biyu a haɗe ba su cika wuce digiri 20 ba, shi ya sa take share gemu ba tare da an ji ba, shi ya sa kuma idan aka fere rake da ita ta gama aiki. Adda da wuƙar daddatsa ƙashi suna bukatar digiri 25 ko fiye a kowane gefe. Wannan ne dalilin da ya sa mai kilishi ba ya salar nama da wuƙar da yake saran ƙashi da ita, kuma magidancin da ya ce wuƙa ɗaya za ta yi masa yanka da fiɗa da karya haƙarƙari, ya shirya wasa ta sau uku kafin azahar.

Babu mai zama da ma'aunin kusurwa a tsakar gida, amma lissafin ba shi da wuya. Idan aka tsayar da wuƙa ƙyam a kan dutse, digiri 90 ke nan. A karkata ta rabi, 45. A sake rabawa, an sauko kusan 22, sai a ƙara kwantar da ita kaɗan. Ga wuƙar da faɗin ruwanta ya kai santimita 4, ɗaga bayanta santimita ɗaya daga dutse yana ba da kimanin digiri 15, santimita ɗaya da rabi kuma ya ɗan haura 20. A ganina bambancin digiri 17 da 20 bai kai a yi jayayya a kansa ba; abin da ke raba gwani da ɗan koyo shi ne gwani yana riƙe kusurwar da ya zaɓa daga farkon ja har ƙarshensa, ɗan koyo kuwa wuyan hannunsa yana rawa, sai ya mulmule bakin da yake son ya fiƙe.

Abin da ke ba wuƙa damar riƙe ƙaramar kusurwa shi ne taurin ƙarfenta, kuma a nan ne asirin injin kasuwa yake. Ƙarfen wuƙa baƙin ƙarfe ne da aka gauraya da ɗan sinadarin kabon, yawanci daga rabin kashi ɗaya zuwa ɗan sama da kashi ɗaya cikin ɗari. Wannan ne ya sa maƙeranmu ke neman tsohon sifirin ɗin mota, domin kabon ɗinsa ya isa ya ɗauki tauri, ba kamar rodin gini ba. Maƙeri yakan gasa ruwan wuƙa har ya yi ja, wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, ya tsunduma shi a ruwa ko mai, sai ya fito da tauri kamar gilashi, mai saurin karyewa kamar gilashi. Don haka sai a sake ɗumama shi kaɗan, tsakanin digiri 150 da 250, a rage masa gautsi a bar masa taurin da zai yi aiki. Masana'antu suna auna sakamakon da ma'aunin tauri na Rokwel: wuƙaƙen Turai sukan faɗa tsakanin 55 da 58, na Japan daga 60 zuwa sama, masu arha na kasuwa kuma sau da yawa ƙasa da duka biyun.

To, duk zafin da ya haura na wancan ɗumamawa ta biyu yana warware taurin, kuma sanyaya ƙarfen daga baya ba ya maido shi. Dutsen ƙaramin injin lantarki yana juyawa kusan sau 3,000 a minti, a bushe, tartsatsin da ke tashi kuma ɓarɓashin ƙarfe ne da ke ƙonewa. Jikin wuƙar yana iya zama da sanyi a hannu alhali bakinta, wanda ba shi da kaurin da zai kwashe zafi ya kai baya, ya riga ya ƙone cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Baƙin ƙarfe yana faɗar abin da ya same shi ta launi: idan ya yi ruwan kara ya kai wajen digiri 220, idan ya yi ruwan ƙasa ya kusa 260, idan ya yi shuɗi ya taɓa 300, kuma shuɗin baki ba zai sake riƙe kaifi ba sai an cinye wurin gaba ɗaya. Abin takaici shi ne a can ƙarshen kaifi ƙunar tana iya faruwa ba tare da launi ya bayyana ga ido ba, ko kuma ja na gaba ya goge launin ya bar taushin.

Na ga wannan a kan wuƙar yanka da na gada a gidanmu, ƙirar maƙeri, mai ƙotar ƙaho, wadda shekara da shekaru ba ta san komai ba sai dutse da ruwa. Wata shekara gaggawa ta sa na ba yaro ya kai ta inji tare da sauran, ta dawo tana sheƙi, amma kusa da tsininta akwai ɗan shuɗi wanda faɗinsa bai kai na farce ba. Washegari daidai wannan wurin ne ya naɗe tun a fiɗar ƙafar farko, sauran bakin kuma bai kai la'asar ba.

Injin ba shi ne abokin gaba ba, gudu da bushewa su ne. Masu wasa wuƙa na garin Thiers a Faransa, waɗanda suka shahara da yin aiki a kwance rub da ciki a kan katako, da kare kwance a ƙafafunsu yana ɗumama su, manyan duwatsun da ruwan kogi ke juyawa suka riƙa amfani da su a da, kuma a jiƙe. A Sheffield ta Ingila, a ƙarni na 19, masu wasa cokula masu yatsu a busasshen dutse ƙurar dutsen takan cika musu huhu, da yawansu ba sa kai shekara 40, alhali masu aiki da jiƙaƙƙen dutse sun fi su tsawon rai. Wannan kuma abin lura ne ga mai injin kasuwa da ke wuni cikin ƙura ba tare da ya rufe hanci ko ido ba. Injinan zamani da aka yi musamman don wuƙa, irin na kamfanin Tormek na Suwidin, dutsensu yana juyawa kimanin sau 90 kacal a minti, ƙasansa a nutse cikin ruwa. Tsohon dutsen nan da ake juyawa da hannu ko da feda ma, duk da rainin da ake yi masa, ya fi injin lantarki tausaya wa ƙarfe. Wanda ba shi da zaɓi sai injin lantarki, ya nemi mai injin da ke ajiye bokitin ruwa a gefensa yana tsoma wuƙar bayan kowane ja, wanda ba ya dannawa, ba ya kuma barin wuƙar ta tsaya wuri ɗaya, musamman a tsini inda ƙarfen ya fi siranta. Irin wannan haƙuri ba a samunsa a jajibiri da layi a bayan mutum, saboda haka gara a kai tun da sauran mako biyu.

Shi dutsen washi kansa, sharaɗinsa na farko shi ne ƙwayoyinsa su fi ƙarfe tauri. A ma'aunin taurin ma'adanai da Friedrich Mohs ya tsara a 1812, kwaz, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi, yana mataki na 7, ma'adinin alumina yana na 9, daiman kuma na 10. Kwaz ya ɗan fi ƙarfen wuƙa tauri, shi ya sa bakin randa da dutsen niƙa da gefen dakalin siminti duk suke cin ƙarfe, kuma iyayenmu mata ba su yi kuskure ba da suke goga wuƙa a jikinsu. Aibinsu kawai shi ne ƙwayoyin ba su daidaita ba, wata babba wata ƙarama, fuskar kuma ba a shafe take ba, sai a sami kaifi mai kaushi da ke cinye wuƙa da wuri. Zoben gindin kofin tangaran, inda ba a shafa masa ƙyalli ba, ya fi su laushi nesa ba kusa ba, kuma yana fitar da mutum kunya idan babu dutse a kusa. Wasu ƙasashe Allah ya hore musu duwatsu masu daidaitattun ƙwayoyi har suka zama hajar fatauci: na duwatsun jihar Arkansas a Amurka, da rawayan dutsen yankin Ardennes a Beljiyam, wanda ƙananan ƙwayoyin ma'adinin ganet ke cikinsa, da na tsaunukan kewayen Kyoto a Japan. Amma tun da Edward Acheson ya gano yadda ake haɗa silikon kabaid, wani sinadari mai tsananin tauri, a Amurka a 1891, duwatsun masana'anta suka fara mamaye kasuwa, kuma yau da wuya a sami dutsen shago da ba na silikon kabaid ko alumina ba.

Lambar da ake rubutawa a jikin dutse tana nuna laushinsa: ƙaramar lamba kaushi, babbar lamba laushi. A lissafin Japan, wanda ya fi yaɗuwa a duwatsun ruwa, 200 zuwa 400 na cire giɓi ne da gyara siffa, 1,000 shi ne dutsen washi na kullum, 3,000 zuwa 8,000 kuma na goge kaifi ne har ya yi kamar madubi. Turai da Amurka suna da nasu lissafin, don haka lamba ɗaya a duwatsu biyu ba lallai ta zama laushi ɗaya ba. Dutsen nan mai fuska biyu da ake sayarwa a shagunan kayan gini, ko fuskarsa mai laushi tana cikin sahun masu kaushi idan aka auna ta da wannan ma'auni. Wannan ba aibi ba ne ga kowane aiki, domin kaifin da ya fito daga matsakaicin dutse yana da ƙananan haƙora da ido ba ya gani, waɗanda ke kama fatar tumatir da jijiyar nama da igiya, alhali kaifin madubi ya fi dacewa da aski da sassaƙa, inda tura ƙarfen ake yi ba ja ba. Wanda ya mallaki dutse mai kaushi guda da mai lamba 1,000 guda ya gama da bukatar gida, abin da ya wuce nan sha'awa ce. Game da ruwa ko mai, amfaninsu shi ne su ɗauke ɓarɓashin ƙarfe kada ya toshe dutsen. Dutsen ruwa akan jiƙa shi minti goma ko fiye kafin a fara, dutsen da ya taɓa shan mai kuma ba ya komawa ruwa. Dutse ma yana cinyewa ya yi kwari a tsakiya, sai a shimfiɗa samfefa a kan gilashi a goga shi har ya daidaita.

Yadda ake aikin kuwa, akwai alama guda wadda duk wanda bai san ta ba yana washi ne a makance. A kafa dutse a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame, a ɗora wuƙa a kusurwar da aka zaɓa, yatsu biyu ko uku na ɗaya hannun suna danna ta kusa da baki, a riƙa kai ta ana dawowa daga gindi har tsini, a gefe ɗaya kawai. Za a ci gaba har sai an shafa ɗaya gefen da babban yatsa, daga baya zuwa baki ba a tsawon kaifin ba, an ji wani ɗan siririn leɓe na ƙarfe yana kama fata. Wannan leɓe shi ne shaidar cewa dutsen ya cinye fuskar har ya isa ƙarshenta, kuma dole a ji shi a duk tsawon wuƙar, ba a tsakiya kaɗai ba. Sai a juya a yi wa ɗaya gefen haka har leɓen ya koma wancan ɓangare. Mai ƙirga ja, goma nan goma can, yana iya wuni yana goge kafaɗun wuƙa bai taɓa kaifin ba. Mai shakka ya shafa tawadar alƙalamin da ake kira maka a bakin wuƙar ya ja sau biyu ya duba: idan tawadar ta goge a sama ta rage a can ƙarshe, ya kwantar da wuƙar da yawa; idan ƙarshen kaɗai ya goge, ya ɗaga ta da yawa.

Samar da leɓen rabin aiki ne, cire shi ne sauran rabin, kuma nan ne dalili na biyu da ya sa wuƙar inji ke yaudarar mai ita. Leɓen siriri ne ƙwarai, yana aske gashin hannu tsaf a gaban mai saye, amma ƙarfe ne da ya riga ya gaji, yanka biyu ko uku sai ya naɗe a kan kaifin ko ya karye ya bar shi da faɗi. Ana cire shi ta hanyar komawa dutse mai laushi, a riƙa ja ɗaya nan ɗaya can, ana rage nauyin hannu har ya zama nauyin wuƙar kaɗai ke aiki, sannan a ƙarasa a kan fata. Wanzamai sun daɗe da sanin wannan: bayan dutse sai wanzami ya ja askarsa a kan guntun fata ko a tafin hannunsa, bayan askar yana gaba kaifin yana biye, don kada ta yanki fatar. Tsohuwar ɗamara ta fata ko kwali mai kauri suna yin aikin a gida. Sai dai a tuna cewa dutse da fata ba sa kashe ƙwayar cuta, askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗaukar ciwon hanta ko ƙanjamau komai kaifinta. Bayan an gama, gwajin da ya fi na gashi gaskiya shi ne a yanka takardar jarida a tsaye daga gindin wuƙa har tsini, a yanka wani abu a kan katako sau da yawa, sannan a sake gwada takardar.

Kayan gona suna da nasu tsarin. Fartanya ko garma da bakinta ya cinye ya yi kauri, manomi yakan kai wa maƙeri ya koɗa ta, wato ya gasa bakin ya daddake shi a kan uwar maƙera har ya yi fele-fele, kuma hikimar wannan ita ce ƙarfen matsar da shi ake yi gaba maimakon a goge shi ya zama ƙura. Masu yankan ciyawa da dogon lauje a Ostiriya da maƙwabtanta har yau suna yin irin wannan, sai dai su a sanyaye suke dakan bakin da ƙaramar guduma, sannan su rataya ɗan dutse cikin kube mai ruwa a ƙugu suna gogawa a gona. Adda da gatari magagari ya ishe su, domin da gangan ake barin ƙarfensu da taushi don kada su ɓantare a sara. Magagari kuma a turawa yake ci, jan sa baya a kan ƙarfe haƙoransa kawai yake kashewa. Bakin gatari ana barinsa da ɗan tudu kamar ƙwayar dabino don ya tsaga itace ya fito, idan aka siranta shi kamar wuƙa cijewa zai yi. Almakashi kuwa tela ya kiyaye shi daga mai wasa fuskarsa ta ciki, domin ɗan gangaren waje kaɗai ake taɓawa, kuma da zarar an ci cikin, ruwan biyu sun daina haɗuwa, sai ya riƙa tauna yadi. Ƙananan na'urorin nan masu tsaga da ake jan wuƙa a ciki suna da sauri, amma masu haƙoran tangistin, wani ƙarfe mai tsananin tauri, yagar ƙarfe suke yi, sun dace da wuƙa mai arha, ba wadda ake ji da ita ba.

Wuƙar yanka ita ce ta fi cancantar duk wannan ɗawainiya, kuma dalilin ya wuce sauƙin aiki. A hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito, wanda shi ne na 17 a Arba'una ta Nawawi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa, malamai kuma sun karhanta a wasa ta dabbar tana kallo. Hutarwar nan tana bukatar wuƙa mai tsawon da ya wuce faɗin wuyan dabbar, mai kaifi daga gindi har tsini, wadda ba ta da giɓi ko ɗaya, domin giɓi yaga yake yi. Masu yanka na Yahudawa ma sukan bi bakin wuƙarsu da farce kafin yanka suna neman ɗan giɓin da ido ba ya gani, kuma dabara ce da kowa zai iya ara, a hankali. Saboda haka ya fi kyau a keɓe wuƙar yanka, da an gama a wanke ta a ajiye, a ɗauko wata don fiɗa, ƙashi kuma a bar wa adda da gatari a kan kututture, ba a kan siminti ba.

Tawa wuƙar sai da na zauna da dutse mai kaushi yammaci biyu, na cinye kusan milimita biyu daga bakinta kafin na isa ƙarfen da zafi bai taɓa ba, na kuma rage kafaɗunta don ta dawo da shigarta ta da. Ta ɗan rame, tsininta ya ja baya, amma tana riƙe kaifi kamar yadda na san ta. Idan an gama hidimar layya nakan wanke ta, in busar da ita sarai, in shafa mata ɗan mai, in naɗe ta a takarda, kubenta kuma in ajiye shi daban, domin fata tana riƙe danshin damina, kuma bagaruwar da aka jeme ta da ita tana baƙanta ƙarfe idan suka daɗe a haɗe.